Kimiyyar Gyaran Gashi: Me ke Sa Gashi Ya Kwanta?

Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin gyaran kai da aka daɗe ana yayinsu a duniya akwai kwantar da gashi baya, wato a taje shi daga goshi zuwa ƙeya, a shafe shi har ya kwanta luf yana sheƙi. Maza masu suma kan bar shi haka nan, mata kuwa sukan tattara shi a ƙeya ko a tsakar ka su ɗaure, abin da 'yan mata ke kira fakin. Aiki ne da ake yi a gida, ba sai an je wurin wanzami ko mai kitso ba, kuma kayan aikinsa ba su wuce ruwa da mataji da burushi da ɗan abin shafawa ba.

Sai dai duk wanda ya taɓa gwadawa ya san gashi ba ya kwanciya cikin daɗin rai. A kwantar da shi da safe, kafin azahar ya fara miƙewa. A shiga ruwan sama da shi, nan take ya koma yadda yake. Wannan gardama ta gashi ita ke sa wasu su ƙara tamke ɗauri, wasu su labta mai, wasu kuma su koma ga magunguna masu ƙarfi, har garin neman gira a rasa ido. Wannan darasi zai bayyana abin da ke faruwa a cikin silin gashi yayin da ake kwantar da shi, domin ɗalibi ya iya bambance hanyar da ba ta da illa da wadda ke da ita. Babban abin da za a riƙe tun daga farko shi ne, gashi sashe biyu ne: akwai matacce, wanda in ya lalace wani zai tsiro ya maye gurbinsa, akwai kuma mai rai, wanda in ya mutu ya tafi ke nan.

Ɗan Taƙaitaccen Tarihi

Yayin kwantar da gashi da mai, a irin siffar da aka san shi yau, ya bunƙasa ne a Turai da Amurka. Man da ake amfani da shi ana kiransa fomad, sunan da ya samo asali daga kalmar Faransanci mai nufin tuffa, domin da farko da kitsen dabbobi da markaɗaɗɗiyar tuffa ake haɗa shi. A ƙarni na 19 wani mai da ake kira man Makasar ya yi tashe a Ingila, kuma saboda yadda yake ɓata kujeru, sai matan gida suka riƙa shimfiɗa ɗan ƙyalle a inda ake jingina kai. Irin ƙyallen da har yau ake gani a bayan kujerun falo da na jiragen sama, asalinsa ke nan. A 1872 Robert Chesebrough ya yi wa man Vaseline rajista a Amurka, man da ake tacewa daga ɗanyen man fetur, wanda ba ya rubewa kamar kitse. A shekarun 1920 ɗan wasan fim Rudolph Valentino ya yi suna da kwantaccen gashi mai ƙyalli, samari suka yi ta kwaikwayonsa. A 1928 aka fara yin man Brylcreem a birnin Birmingham na Ingila, kuma a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu matuƙa jiragen yaƙin ƙasar sun so shi ƙwarai, har aka yi musu laƙabi da sunansa.

Wannan yayi an gina shi ne a kan gashi mai santsi irin na Turawa. Baƙar fatar Amurka da suka so bin sa sai suka tarar gashinsu ba ya jin mai kaɗai. Wani mai ƙirƙira daga cikinsu, Garrett Morgan, ya gano wani haɗin sinadari da ke miƙar da gashi, ya kuma kafa kamfanin sayar da shi a 1913. Daga shekarun 1920 zuwa na 1960 maza da yawa sun riƙa haɗa nasu a gida da soda da dankali da ƙwai. Malcolm X, a littafin tarihin rayuwarsa na 1965, ya ba da labarin azabar ƙunar da ya sha ranar da aka fara shafa masa wannan haɗi. Ta haka aka sami hanya biyu ta kwantar da gashi, ɗaya ta kwana guda, ɗaya ta dindindin. Ba za a gane bambancinsu ba sai an san yadda aka gina gashin kansa.

Ginin Silin Gashi

A kan mutum akwai silin gashi kimanin 100,000. Kowane sili yana fitowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata mai zurfin milimita 3 zuwa 4. A ƙasan ramin akwai saiwa, inda ƙwayoyin halitta ke rarrabuwa ba dare ba rana, ƙananan jijiyoyin jini na kawo musu abinci. Sababbin ƙwayoyi na tura tsofaffi sama, su kuma tsofaffin sai su cika da wani furotin mai tauri da ake kira keratin, su mutu, su sandare. Saboda haka duk gashin da ido ke gani a waje matacce ne. Shi ya sa aski ba ya zafi, amma tsige gashi yana da zafi. Wannan keratin shi ne kuma a farce da ƙaho da kofato da ulun tumaki.

Gashi yana ƙaruwa da kimanin santimita 1 a wata. Kowace saiwa takan yi shekara 2 zuwa 7 tana aiki, sannan ta huta kamar wata 3, tsohon silin ya faɗi, sabo ya tsiro. Don haka zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. Abin lura a nan shi ne, duk ramukan gashin da mutum zai mallaka tun yana cikin mahaifiyarsa ake gama gina su, jiki ba ya ƙara haƙa wasu bayan haihuwa.

Idan aka duba sili ɗaya a ƙarƙashin madubin ƙara girma, za a ga kaurinsa galibi bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, amma duk da haka hawa-hawa ne. A waje akwai ɓawo, wanda ya ƙunshi 'yan faifai sirara da suka hau kan juna kamar yadda ake jera ciyawa a jinka, bakin kowanne yana fuskantar ƙarshen gashin. Idan faifan nan suka kwanta sumul, haske kan bugi gashin ya dawo ta fuska ɗaya, shi ne sheƙin da ake gani. Idan suka buɗe ko suka ɓantale, gashi kan yi kaushi ya dusashe. A ƙarƙashin ɓawon akwai tsokar gashi, wadda ita ce mafi yawan jikinsa, a cikinta launi da ƙarfi suke. A can tsakiya, musamman a gashi mai kauri, akan sami ɗan ɓargo. A gefen kowane rami kuma akwai 'yar jaka mai tsattsafo da maiƙo, wanda ke shafe fatar kai da gindin gashi.

Ɗauri Iri Uku

Sirrin kwanciyar gashi da miƙewarsa yana cikin tsokar nan. Keratin dogayen sarƙoƙi ne na sinadarai, kowace sarƙa a murɗe take kamar sifirin, sarƙoƙin kuma sun tuƙu da juna kamar igiyar rama. A farkon shekarun 1930, William Astbury na Jami'ar Leeds ya haska ulu da gashi da hasken eksire, irin wanda ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ya gano cewa idan aka jiƙa sili aka ja shi, tsarin cikinsa kan warware, in an sake shi ya koma. A 1951 Linus Pauling da abokan aikinsa suka bayyana ainihin siffar wannan murɗi. Abin da ke riƙe da murɗin, yake kuma haɗa sarƙa da sarƙa, ɗauri ne iri uku.

Na farko shi ne ɗaurin haidirojin. Kowane ɗaya ba shi da ƙarfi, amma yawansu ya fi gaban ƙirga. Ruwa yana kwance shi, zafi ma haka. Idan gashi ya jiƙe, ƙwayoyin ruwa kan kutsa tsakanin sarƙoƙi su raba su, gashin ya kumbura ya yi laushi, har yakan sha ruwan da ya kai kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa. Yayin da ruwan ke fita, ɗaurin zai sake ƙulluwa, amma a duk siffar da ya tarar da gashin a lokacin. Abin da mai guga ke yi ke nan idan ya yayyafa wa riga ruwa kafin ya ɗora mata dutse: ruwa ya kwance, zafi ya busar, karin guga ya zauna har sai an sake wanki.

Na biyu shi ne ɗaurin gishiri, wanda ke tsakanin sassan sarƙar masu ɗauke da cajin lantarki kishiyar juna. Shi wannan asid ko alkali ne ke kwance shi, kuma yakan dawo idan gashi ya koma ma'auninsa. Masana suna auna tsami da kishiyarsa da ma'aunin pH, daga 0 zuwa 14. Ruwa zalla yana kan 7, abin da ke ƙasa da haka asid ne, na sama kuma alkali. Gashi da fatar kai suna tsakanin 4.5 da 5.5, wato da ɗan tsami kaɗan. Sabulun wanka yana wajen 9 zuwa 10, shi ya sa yake buɗe faifan ɓawo ya bar gashi da kaushi.

Na uku shi ne ɗaurin farar wuta. Kimanin kashi 5 cikin 100 na nauyin gashi farar wuta ce, ita ce ke ba da ƙaurin nan da ake ji a wurin babbaka. Atam biyu na farar wuta, ɗaya daga wannan sarƙa ɗaya daga waccan, kan riƙe juna gam kamar matakalar tsani. Ruwa ba ya taɓa wannan ɗauri. Shi ne ke ba gashi ƙarfinsa, har sili ɗaya mai lafiya ya iya ɗaukar nauyin giram 50 zuwa 100, shi ne kuma ke riƙe da siffar da gashin ya fito da ita daga rami.

Daga nan amsar tambayar farko ta fito. Kwantar da gashi da ruwa yana canza ɗaurin haidirojin ne kawai, na farar wuta yana nan yana jiran dama. Da zarar laima ta shiga, ko ta ruwan sama ko ta gumi ko ta iskar damina, sai na haidirojin ya saki, na farar wuta ya ja gashin zuwa asalinsa. Gashi yana jin laimar iska ƙwarai, har ma a 1783 wani masani ɗan ƙasar Suwizalan, Horace de Saussure, ya ƙera ma'aunin laima da silin gashin mutum, saboda tsawonsa kan ƙaru da kimanin kashi 2 cikin 100 daga busasshiyar iska zuwa mai cike da danshi.

Me ya sa Wani Gashin ya fi Wani Gardama?

Siffar gashi daga siffar raminsa take. Ramin da yake miƙe yana fitar da sili mai jiki zagayayye, wanda ke tafiya samɓal. Ramin da yake a lanƙwashe kuwa yana fitar da sili mai ɗan faɗi, wanda ke murɗewa yana nannaɗewa, irin wanda ya fi yawa a tsakanin mutanen Afirka ta kudu da Sahara. Wannan gado ne, ba shi da alaƙa da rashin kulawa ko ƙarancin abinci. Hasali ma wani bincike da Tina Lasisi da abokan aikinta suka wallafa a 2023, inda suka sa wa wani mutum-mutumi gashi iri-iri suka haska masa fitilu masu zafi, ya nuna cewa gashi mai murɗe-murɗe ya fi kowane iri kare kai daga zafin rana.

Amma irin wannan gashi yana da rauni ta fuska biyu. Duk inda sili ya murɗe wuri ne mai saurin karyewa, sannan maiƙon fatar kai ba ya iya gangarowa cikin sauƙi ya bi lanƙwasar har ƙarshe, don haka gashin kan bushe. Bugu da ƙari, ramukan gashi ba a tsaye suke cak ba, a karkace suke, kuma na gaban kai gaba suke kallo. Mai kwantar da gashi baya yana juya shi ne ya saɓa wa mafitarsa. Shi ya sa gajeren gashi ba ya kwanciya baya sai ya kai kamar tsawon yatsa, yadda nauyinsa da abin shafawa za su rinjayi taurin gindinsa.

Kayan Shafawa da Yadda Suke Aiki

Kayan shafawa ba sa shiga su canza ginin gashi. Aikinsu a waje yake, kuma sun kasu gida biyu.

Gida na farko shi ne na jel. Mafi yawan abin da ke cikin kwalbar jel ruwa ne, tare da wasu dogayen sinadarai da ake kira polima. Sananne daga cikinsu shi ne PVP, wanda Walter Reppe ya haɗa a Jamus a ƙarshen shekarun 1930. Ruwan jel yana kwance ɗaurin haidirojin, idan ya bushe kuma sai polimar ta bar wani siririn rufi mai tauri da ke liƙe sili da sili, kamar yadda ƙaro ke bushewa ya riƙe takarda. Idan aka taje gashi bayan jel ya bushe, rufin kan farfashe ya zama farin gari mai kama da amosani. Shi PVP yana son ruwa, saboda haka yana fita da wanki ɗaya, amma kuma yakan yi danƙo a lokacin damina. Tsire-tsire ma suna da irin tasu polimar. Yauƙin kuɓewa da na karkashi daga dogayen sarƙoƙin sukari yake, kuma santsin nan ne ya sa mata a ƙasar Hausa da Chadi suka daɗe suna wanke kai da karkashi don gashi ya warware ba tare da karyewa ba.

Gida na biyu shi ne na mai da kaki: basilin, kakin zuma, man kaɗe, man kwakwa da dangoginsu. Waɗannan ba sa bushewa. Suna riƙe gashi ne da danƙo da nauyi, suna cike gurbin faifan ɓawo su ba da sheƙi, suna kuma rage shiga da fitar ruwa. Amfaninsu shi ne ana iya sake taje gashi a kowane lokaci. Illarsu kuwa, ba sa fita da ruwa kaɗai, suna tara ƙura musamman da hunturu, kuma idan suka gangaro goshi sukan toshe ƙofofin fata su haifar da ƙananan ƙuraje, abin da likitocin fata suka bayyana tun 1970. Ba duk mai ne ɗaya ba: wasu masana na Indiya sun nuna a 2003 cewa man kwakwa yana ratsawa cikin sili ya rage zubar furotin yayin wanki, alhali man da aka tace daga fetur a waje kawai yake tsayawa.

Yadda Ake Yi a Gida

Da wannan bayani, kowane mataki na aikin yana da dalilinsa.

1. A wanke kai da shamfu, a ɗauraye sosai, don a cire tsohon mai da ƙura. Sabon jel a kan tsohon mai ba ya kamawa.

2. A tsane ruwan da tawul ta hanyar dannawa, ba gurzawa ba, a bar gashin da danshi amma ba ya ɗiga. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

3. A shafa ɗan mai kaɗan, a warware gashin da yatsu ko mataji mai manyan haƙora, a faro daga ƙarshe a gangaro zuwa gindi. Jiƙaƙƙen gashi yana miƙuwa fiye da busasshe, amma ƙarfinsa ya ragu, don haka ba ya son fizga.

4. A murza jel ko fomad a tafin hannu, a shafa kashi-kashi, daga ƙeya zuwa gaba, yadda zai kai ga gashin ciki. A fara da kaɗan, in bai isa ba a ƙara.

5. A bi da burushi mai laushi daga goshi zuwa ƙeya, ta fuska ɗaya, wato yadda faifan ɓawo suke kwance.

6. Mai dogon gashi ta ɗaure da abin ɗauri mai taushi wanda ba shi da ƙarfe, ta bar sararin da yatsa zai iya shiga.

7. A ɗaura ɗankwali mai santsi na minti 15 zuwa 30, har gashin ya bushe. Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, domin a lokacin ne ɗaurin haidirojin ke ƙulluwa a sabuwar siffa. Abin da ɗankwali ya kwantar, ba sai an ja shi da ƙarfi ba.

8. Kafin barci a kwance ɗaurin, kuma kada a bar jel ya yi kwanaki yana taruwa a kai.

Inda Haɗari Yake

Abu na farko shi ne zafi. Na'urar busar da gashi da ƙarfen miƙar da shi suna aiki ne a kan ɗaurin haidirojin, amma idan zafin ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyos, keratin kansa kan fara lalacewa. Idan aka ɗora ƙarfe mai zafi a kan jiƙaƙƙen gashi, ruwan ciki kan tafasa ya bar kumfa a tsokar sili, sili ya riƙa karyewa a wurin. Har ila yau, yawancin feshin gashi suna ɗauke da sinadarai masu saurin kama wuta, saboda haka ba a fesa su kusa da murhu ko risho ko fitilar aci-bal-bal.

Abu na biyu shi ne man miƙar da gashi, wanda aka fi sani da rilaksa. Wannan alkali ne mai ƙarfi, wani irinsa ma da sodar da ake dafa sabulu da ita ake yin sa, kuma pH ɗinsa yakan haura 12 har zuwa wajen 13 ko fiye. Kowane mataki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, don haka daga 5 zuwa 13 ninki miliyan 100 ke nan. Shi yana tsinka ɗaurin farar wuta ne, ya maye gurbin wani kaso daga ciki da wani ɗauri dabam. Gashin zai miƙe ya kwanta, amma ba zai ƙara komawa yadda yake ba, kuma ƙarfinsa ya ragu har abada. Wanda aka rubuta wa cewa babu soda a cikinsa shi ma alkali ne mai ƙarfi, yana kuma iya ƙona fata. Sabon tsiro yana fitowa ne da siffarsa ta gado, kuma mahaɗarsa da tsohon da aka miƙar ita ce wurin da ya fi saurin tsinkewa. Mai amfani da shi ya kamata ya bar aƙalla mako 8 tsakanin shafawa da shafawa, ya shafa a sabon tsiro kaɗai, kada ya wuce lokacin da aka rubuta, kada kuma ya shafa a fatar da ke da rauni. Ba abin da za a shafa wa ƙananan yara ba ne. A 2022 masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasar Amurka, bayan sun bi lafiyar mata fiye da 33,000 na kusan shekara 11, sun ƙiyasta cewa a cikin matan da ba su taɓa amfani da magungunan miƙar da gashi ba, kashi 1.64 cikin 100 ne za su kamu da sankarar mahaifa kafin shekara 70, a cikin masu yawan amfani da su kuwa kashi 4.05. Irin wannan bincike alaƙa yake nunawa, ba ya tabbatar da sababi shi kaɗai, amma ya isa dalilin taƙaitawa.

Abu na uku, wanda aka fi rainawa, shi ne ja. Zafi da rilaksa galibi mataccen sashe suke ɓatawa, ja kuwa kai tsaye saiwa yake taɓawa. Idan aka riƙa tamke gashi kullum ta fuska ɗaya, ramukan gaban goshi da na saman kunne, waɗanda suka fi ɗaukar nauyin jan, kan kumbura, gashinsu ya sirance, sannan ya zube. An fara bayyana wannan larura ne a 1907 a tsakanin matan Girinlan masu ɗaure gashi tamau a tsakar ka, ana kuma ganin ta a wurin 'yan rawar bale na Turai. A Afirka ta Kudu, binciken da likitar fata Nonhlanhla Khumalo ta jagoranta a birnin Cape Town, wanda aka wallafa a 2007, ya same ta a kimanin kashi 17 cikin 100 na 'yan mata 'yan makaranta, da kusan kashi 32 na manyan mata, kuma ta fi yawa a wurin waɗanda ke ja ko kitsa gashin da aka riga aka shafa wa rilaksa.

Alamun farko a bayyane suke: zafi a gindin gashi, ciwon kai bayan ɗauri, ƙananan ƙuraje a bakin goshi, da fatar da ta ɗago saboda ja. A wannan mataki, in aka sassauta aka sauya salon gyara, gashi yana dawowa. In aka yi shekaru ana yi kuwa, ramin kan cike da tabo ya shafe, wurin ya zama sanƙo mai santsi, kuma babu man da zai tsirar da gashi inda babu saiwa. Duk wanda ya ga gaban kansa ya fara cinyewa, ya je wurin likitan fata tun da wuri.

Gwaje-gwaje Don Aji

Malami zai iya nuna yawancin wannan darasi da kayan da ba su da tsada.

Gwaji na ɗaya: a riƙe dogon sili tsakanin yatsu biyu, a ja daga gindi zuwa ƙarshe, sannan daga ƙarshe zuwa gindi. A wace fuska aka fi jin turjiya? Wannan yana nuna inda faifan ɓawo suka fuskanta.

Gwaji na biyu: a jiƙa sili, a nannaɗe shi a jikin fensir, a liƙe bakinsa biyu, a shanya har ya bushe. A zare shi a duba siffarsa, sannan a tsoma shi a ruwa. Wane ɗauri ne ya ƙullu, wane ne kuma ya mayar da shi asalinsa?

Gwaji na uku: a jiƙa zoɓo a tace, a zuba a kofuna huɗu. A sa ruwan lemon tsami a na farko, shamfu a na biyu, ruwan sabulu a na uku, ruwan kanwa a na huɗu. Zoɓo yana zama ja jawur a cikin asid, yana rikiɗa zuwa kore mai duhu a cikin alkali. Ɗalibai su jera kofunan bisa ga launinsu, su faɗi wanne ne ya fi kusa da ma'aunin gashi.

Kammalawa

Kafin a yi wa gashi kowane irin gyara, tambaya biyu ce ta kamata: wane ɗauri ake taɓawa, kuma shin saiwa tana jin jiki? Ruwa da jel da ɗankwali suna aiki ne a kan ɗaurin da ke kwancewa yana sake ƙulluwa ba tare da asara ba, iyakar tasirinsu wanki na gaba. Rilaksa da zafi mai yawa suna cin jarin gashin, kuma sili mai tsawon santimita 12 da aka ɓata cikin 'yan mintoci sai an yi kusan shekara guda kafin a sami madadinsa. Ja mai tsanani kuwa yana iya shafe ramin da ba a sake haƙa irinsa. Ɗalibar da ta san wannan za ta gane cewa zafi a gindin gashi gargaɗi ne daga jiki, ta sassauta ɗaurin tun a ranar, domin kwalliyar da ta tafi da gashin goshi ba ta biya kuɗin sabulu ba.